Kwanon Sabiru

A Ɗorawar Tudu, wani ƙauye da ke cikin gonaki a gefen Ɗambatta, in ka ce kana neman Asama'u sai a tambaye ka wacce. In ka ce mai daddawa kuwa, ko akuya ta san ƙofar gidan. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta saboda wankin kalwa. Tun tana amarya take wannan sana'a: a dafa kalwa kwana da yini, a surfa, a wanke, a rufe har ta ruɓa, a daka, a mulmula. Warin ya kama zanenta, ya kama garun gidan. Matan da ke toshe hanci in ta zauna kusa da su a gidan biki, su ne dai ke sallama a ƙofarta ranar da miyarsu ta yi lami.

Mijinta Iliyasu manomi ne marar hayaniya, ya rayu shiru ya mutu shiru, yau shekara goma sha biyu. Haihuwarta bakwai, biyu suka tsaya: Sabiru ɗan fari, da Tahira auta.

Asama'u irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna ba ta taɓa buɗe baki ta ce Sabiru ba. Kakarsa ce ta goya shi. In ya faɗi a tsakar gida wata ce za ta ɗaga shi, ita tana kallon tukunya. Da ya girma, in ta zuba masa abinci sai ta ajiye ta ce wa iska, "Ga tuwo nan yana hucewa." In dole ta kama a yi zancensa sai ta ce yaron nan, ko wancan, ko yayan Tahira. 'Yan matan yanzu masu rungume ɗan fari a tsakiyar kasuwa za su ce ba ta son sa. Su suka sani.

To a Ɗorawar Tudu har gobe maza ba sa cin tuwon yamma a ɗaki kamar majinyata. In an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar da ke jikin katangar gidan, kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya kenan. Kuma ba a kiran kwano da sunan wadda ta sha hayaƙi ta tuƙa, da sunan namiji ake kira. A miƙo na wane, a turo na wane nan. Da Iliyasu ya rasu, kwanon sashensa ya koma sunan Sabiru, ko da yake bai yi aure ba.

Shekara biyu yaron ya yi yana zama a tabarmar nan. Gonar gado kuwa an raba an sake rabawa, har abin da ya zo hannunsa in ka tsaya a wannan kunya ka yi tofi sai ya faɗa gonar maƙwabci. Wata safiya ya ɗauki jaka ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce zai tafi nema. Ta ce, ba ta dube shi ba, "Allah ya tsare."

Ranar da yamma ta tuƙa tuwo kamar kullum. Dabo, ƙanin mijinta da suke gida ɗaya, ya haɗa da nasa ya fita da shi. Murhunta a jikin katanga yake, duk abin da aka faɗa a waje a kunnenta. Ta ji wani yana cewa, "Wannan na waye? Ai yaron ya tafi."

Dabo ya ce, "Shi ya tafi. Kwanonsa yana nan."

"To a miƙo na Sabiru."

Daga ranar Asama'u ta sami abin da ba ta taɓa samu ba. Sunan da bakinta ba ya iya faɗa, kunnenta yana ji kullum sau ɗaya, in miya ta yi daɗi har sau uku. Sai ta kife turmi a jikin katangar ta zauna da carbi, wai lazimi take yi. Shekara uku aka yi ba a ji ɗuriyar yaron ba. An ce ya bi ta Agadas, an ce Libiya, an ce teku. Wasu har sun fara zuwa mata da wata irin gaisuwa mai sanyin murya. Kwano dai bai fasa fita ba ko rana ɗaya. Muddin ana kiran sunan a gindin darbejiya, a wurinta yaron yana cikin mazan gari.

Daga baya sai ga waya. Yana wata ƙasa wai ita Sifaniya, yana aiki a gonakin tumatir da aka lulluɓe da leda. Tahira, wadda ke aure a unguwar tsallaken rafi, ita ke da babbar waya, duk Juma'a takan zo da saƙonsa. In ya yi magana Asama'u sai ta ba wayar gefe tana tsince wake, ta ce, "Ce masa an gode." Haka aka yi shekara bakwai.

Wata Juma'a da kaka, an fara cin sabon gero, Tahira ta shigo tana dariya tun daga zaure.

"Inna, Yaya ya aiko da bidiyo. Matso ki gani."

"Ina ruwana. Jingina shi a nan inda rana ba ta duka."

Ga shi nan a zaune a kujera mai laushi, taga a gefensa, bishiyoyi suna gudu a baya. Muryarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan salla.

"Tahira, ki nuna wa Inna. A jirgin ƙasa nake. Takardar zamana ta fito. Shekara bakwai in na hango tasha sai in sake hanya saboda 'yan sanda, yau ga ni a ciki, mai duba tikiti ya zo ya gaishe ni ya wuce. Dubi zaitun, tun ɗazu ba su ƙare ba. Ga duwatsu can. Tun hantsi muke tafe, sai la'asar za mu sauka. Ni da abokin aikina ne, ɗan Maroko. Abinci za mu je ci."

Asama'u ta daina tsintar wake. "Abinci? Tun hantsi har la'asar? Garin da yake babu tukunya?"

"Ki dai kalla, Inna."

Sai ga shi a wani lungu mai cike da mutane. Ya shiga wani shago ya tsaya a jikin dogon tebur, aka turo masa faranti. Asama'u ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin wayar. Farantin bai kai tafin hannunta ba. 'Ya'yan itace huɗu ne a ciki, kore-kore. Ya ci, ya lumshe ido. Aka turo wani, yankan wainar ƙwai da dankali, loma biyu in an yi rowa. Ya fita ya shiga wata ƙofar, can aka ba shi ƙananan kifi soyayyu guda biyar, irin waɗanda masunta ke mayarwa ruwa. Wata ƙofar kuma burodi aka shafa wa tumatir. Yana ci yana dariya yana cewa, "Inna, da kin ɗanɗana wannan."

Ita kuwa mace ce da tun tasowarta ta san namiji malmala uku ne da miya har ta rufe su.

"A tsaye yake ci?"

"Haka suke yi a can. Tafas suke ce masa. Ka ci kaɗan a nan, ka ci kaɗan a can. Marmari ne, Inna, masu hali ma haka suke ci. Ya ce mutane daga ƙasashe suke hawo jirgi don shi."

"Ke dai an yi sakarya. Mutum ya bi ƙofa uku, ko'ina a sa masa a murfin kwano, a hana shi wurin zama, ki ce mini marmari? A garinku me ake ce wa mai bin ƙofa-ƙofa ana sam masa? Dubi wuyansa."

"Wallahi ƙiba ya yi."

"Kumburi ne."

Sau uku ta sa aka maimaita mata. Duk ukun idonta yana kan faranti da wuyan yaron. Dariyar da yake yi kuwa ta san ta, irin ta ubansa ce, wanda rumbu zai ƙare yana ce wa baƙo an gode Allah.

Ba ta iya tambayarsa, ba ta iya zuwa. Abin da ta iya shi ta yi. Ta niƙa dawa, ta daka kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta zaɓi daddawar da ta fi nuna, ta sa aka yanka ɗan akuyarta ta yi dambun nama, ta ɗinke duka a buhu. Saura mai kaiwa. Sai ta tuna da Ikrima mahauci, sa'an Sabiru, wanda ya yi shekaru yana bin motocin shanu zuwa Kudu. A lissafinta duk ƙasashen nan a kan hanya ɗaya suke, in an wuce Legas sai a ci gaba.

Ta aika aka kira Tahira. "Tura wa Ikrima abin nan, ya gani da idonsa. Ya nuna wa mazan, ko a cikinsu wani ya san mai tafiya."

"Inna, Yaya cewa ya yi a nuna miki. Bai ce a nuna wa gari ba."

"In yunwa ta kashe shi a can garin ba zai ji ba? Tura."

Ta tura.

Da magariba Asama'u ta hau turminta. Ta ji an jera kwanuka, ta ji muryar yaron tana fitowa daga wayar Ikrima, maza sun yi ca a kai. Wani ya ce jirgin kamar maciji an wanke shi. Wani ya ce shi rabonsa da jirgin ƙasa tun yana saurayi, kuma nasu da awaki ake shiga. Da aka zo kan faranti aka fashe da dariya.

"Wannan ko kyanwa aka ba ta raina."

"Sabirun da ke tashi da kwano guda shi kaɗai?"

Asama'u ta gyaɗa kai. Yanzu za a zo wurin.

Sai ta ji Ikrima ya ce, "Dakata. Bari in mayar da shi baya." Sannan ya ce, "Mene ne wancan a rataye a saman kansa?"

Dabo ya ce, "Cinyoyin rago ne mana. Ga su nan jere kamar an yi layya."

"Baba Dabo, shekarata ashirin da wuƙa a hannu. Rago ba ya wannan cinya, sa ba ya wannan kofato. Na ga irinsa a Kudu."

"To na mene ne?"

"Ba na faɗa ba a kan abinci."

Wani daga gefe ya ce, a hankali, "Kwalaben da ke jere a bayansa ma ba na man gyaɗa ba ne."

Aka kashe waya. Ta ji ƙarar murafe, ta ji an ce a miƙo na Dabo, a miƙo na Ikrima, na Sha'aban, na kowa. Ta ƙirga har kwano tara. Na goman ba a kira shi ba.

Dabo ya shigo da kwanuka biyu, ɗaya a sama marar nauyi, ɗaya a ƙasa ya tallafe shi da hannu biyu. Shi da ita wasan ƙanin miji da matar wa suke yi tun tana amarya, kullum da tsokana yake shigowa. Ranar sai ya ajiye ya juya.

"Tsaya. Yau ƙoshi aka yi?"

"Kwanuka sun yi yawa yau, Yaya."

Ta ɗaga murfi. Malmala uku suna nan yadda ta jera su, man shanu ya daskare a kan miya, ko sawun yatsa babu.

"Har da kai?"

"Na miƙa hannu. Sai na ga babu wanda ya miƙa."

"Shekara arba'in kana lashe mini kwano har sai na ji tsoron ka huda shi. Yau hannunka ke jiran izini?"

"Yaya, cinyar alade ce a saman kan yaron nan. Ga giya a bayansa."

"A bakinsa ka gan ta ko a sama?"

"A sama."

"To kai da kake kwana ƙarƙashin jinka, ciyawa kake ci?"

Dabo ya sosa ƙeya ya shige sashensa.

Abin da ya fi ciwo, babu wanda ya tashi ya ce an haramta kwanon. Da an faɗa, da ta san wanda za ta tsaya a gabansa. Maza ne kawai guda tara, kowanne yana satar kallon hannun ɗan'uwansa. Kashegari kwano ya fita ya dawo. Jibi ma haka. Ta canza miya, ta yi taushe da kabewa, ta yi ta ɗanyar kuɓewa. Rana ta biyar ta sa aka yanka zakaranta ta ɗora shi a kan tuwon, mazan da ba sa ganin nama sai ranar kasuwa. Zakara ya fita ya dawo da cinyoyinsa biyu.

Magana kuwa ta bar gindin darbejiya ta shiga cikin gidaje, can ta yi ƙiba. A wurin niƙa an ce a shagon yake aiki. A bakin rijiya an ce nasa ne ma. Wata ta rantse an ga farar mace a gefensa. Masu sayen daddawa ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa, kowacce ta zo ta tsuguna tana zaɓe tana kallon fuskar Asama'u.

Ranar kasuwar Ɗambatta ta tarar da Ikrima a rumfarsa yana saran ƙashi.

"Sannu da aiki, mai ido."

"Inna, ina wuni."

"Na ce a nuna maka yunwa, ka tafi ƙirga ƙafafu."

"Abin da na gani na faɗa, Inna."

"An tambaye ka? Tare aka yi muku kaciya da yaron nan. Ko ka manta wanda ya goyo ka daga rafi ranar da ƙaya ta shige maka ƙafa?"

Ya ajiye gatari. "Ban manta ba. Da na san inda maganar za ta kai da na haɗiye ta. Amma ta riga ta fita." Sannan ya ce, "Buhun nan kuma da Baba Dabo ya ce kin ɗinka, babu mai kai shi. Ba ta Legas ake bi ba. Ko an sami mai tafiya, ba sa barin nama ya shiga."

Ta dawo gida ta farke buhun. Ta raba dambun ga maƙwabta, garin ta mayar tukunya.

Juma'a ta zagayo. Tahira ta kira yayanta, ta ajiye wayar a kan tabarma a tsakaninsu. Asama'u ta ba ta gefe kamar kullum.

"Tambayi yayanki, abin da ke rataye a shagon nan, ya ci?"

Bai jira Tahira ta maimaita ba. "Inna, wallahi ban ci ba. Kifi na ci da ƙwai da dankali da zaitun, na sha lemo. Abokin nawa ya fi ni riƙon salla, shi yake zaɓa mana. A garin nan duk shagon da kika shiga haka abin yake a rataye, kamar yadda ake rataye albasa a wurinmu. Me ya faru?"

Tahira ta dubi uwarta, sannan ta faɗa masa. Ta faɗi na Ikrima, ta faɗi na kwano.

"Kwanona? Har yanzu ana fitar da shi?"

"Kullum, Yaya. Tun ranar da ka tafi."

Ana jin ƙarar wani inji a bayansa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Shekara goma, rana ɗaya na ji ni mutum ne. Na zauna a jirgi babu faɗuwar gaba, na ci abin da raina ke so, na ce bari Inna ta gani hankalinta ya kwanta. Wa ya kai musu?"

Tahira ta sunkuyar da kai. Asama'u ta dubi bangon ɗaki.

"Ce masa ni ce. Ce masa na ɗauka yunwa yake ji."

"Yunwa kuma, Inna?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ba komai. Allah ya bar mana ke. An kira mu aiki."

Akwai maganganu cike da bakinta, amma duk irin waɗanda ba a faɗa wa ɗan fari ne. Ta ce, "Ce masa Allah ya tsare." Wayar ta riga ta mutu.

Da hantsin Asabar ta ƙulla daddawa a leda don matar liman, ta tafi gidan Malam Ja'afaru. Shi ba ya zuwa ciyayyarsu, a zaurensa yake ci da baƙinsa. Ta tsuguna daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, kan maganar yaron gidanmu ne."

"Sabiru."

"Shi."

"Ta iso ni. Akwai wanda ya ga ya kai abin baki?"

"Babu. Kifi ya ce, da ƙwai. Ya rantse."

"To babu mai abin cewa. Da ya nisanci wurin da ya fi, amma zato ba hujja ba ne. Tuwonki kuwa halal ne tun daga gona."

"To ka faɗa musu."

"In na faɗa za su ce gaskiya ne Malam, gobe kwano ya dawo miki. Na san mutanena. Ba tuwon suke tsoro ba, kowa tsoron ya zama na farko yake yi."

"Kai ka zama na farkon mana. Ko kai ma hannun wani kake jira?"

Malam ya yi murmushi ya shafa gemu. "Bakinki dai bai tsufa ba, Asama'u. Zan zo yau. Ki bar ni in san ta inda zan shigar da maganar."

Ta koma ta surfa sabon gero, ta tankaɗe sau biyu. Ta yi miyar kuka da daddawar da ta ɓoye wa kanta, ta kwarara man shanu. Tun kafin a kira salla kwano yana rufe yana jira.

Bayan magariba ta ji maza suna matsawa, ana marhabin da Malam, ana kakkaɓe masa buzu. Aka gaisa, aka taɓa zancen farashin taki. Sannan ta ji muryarsa.

"Wancan kwanon da ke gefe, daga sashen marigayi Iliyasu yake fitowa ko?"

Dabo ya ce, "Daga nan ne, Allah gafarta Malam."

"Shekara goma sha biyu mutum yana kabari, tuwo bai fasa fita daga ɗakinsa ba. Ni a wurina wannan sadakarsa ce mai gudana. Wanda ya ci ya yi masa addu'a, wanda ya ƙi ya tauye mamaci. Ku matso da shi. Bismilla."

Ta ji an ɗaga murfi. Ta ji hannuwa sun faɗa ciki gaba ɗaya, kamar kaji an watsa musu tsaba. Wani ya ce Allah ya jiƙan Iliyasu, mutumin kirki. Aka shafa fatiha. Sai muryar Ikrima, har da saurinsa: "A miƙo na marigayi nan, bai iso mu ba."

Malam ya yi dabara, ba a hana shi ba. Ya samo ƙofar da maza tara za su wuce babu wanda ya sunkuya. Ko nufinsa na rana ɗaya ne, kafin ƙura ta kwanta a koma yadda ake, shi ya sani. Bai sake zuwa ba, ba a kuma koma ba.

Dabo ya shigo yana kaɗa kwano da yatsa kamar ganga. "Matata, fito ki gani. An cinye, an lashe, ko wanki ba ya so."

"Na wa aka cinye?"

"Kamar yaya na wa?"

"Na ce kwanon wa aka cinye?"

Ya tsaya da kwanon a hannu. "Haba Yaya. Ke dai ba an ci ba?"

Ta karɓa ta jefa shi cikin kwanukan wanke-wanke.

Kashegari na marigayi aka ce. Jibi ma na marigayi. Kafin sati ya zagayo bakin kowa ya saba, har waɗanda ba su san Iliyasu ba sai a labari. Matan wurin niƙa suka sami wani zancen suka koma kansa. Tahira ta gaya wa yayanta an sasanta, ana cin tuwo, ba ta gaya masa da sunan wa ba. Ya ce alhamdu lillahi. Tun daga ranar saƙonsa murya ce kawai, gajeriya: lafiya lau, aiki da godiya, a gai da Inna. Hoto bai sake zuwa ba. Ko ya sake hawa jirgin, ko me yake ci, a tsaye ko a zaune, Asama'u ba ta sani ba, ba ta kuma da bakin tambaya.

Wata Juma'a, bayan an saurari gaisuwar an kashe waya, ta ce wa Tahira, "Na gaji. Daga yau na daina fitar da tuwon nan. Gwiwata ciwo take, hayaƙi ya cinye mini ido. Ba don su nake yi ba dama."

Tahira ta zaro ido. "Inna, ki daina? A ce a gari kin tsayar da sadakar Baba? Malam da bakinsa ya faɗa a gaban mutane. Me za a ce da ke? Me za a ce da mu?"

Asama'u ta daɗe tana kallonta. Inuwar katanga ta riga ta kai tsakiyar gida.

"Miƙo mini rariya," ta ce. "La'asar ta yi, gari bai tankaɗu ba."